Ramin da Bai Kai Jan Zane Ba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, a tsaye yake a bakin ramin da ke tsakiyar titin ƙofar gidansu, da hular kwano a kansa da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, yana yi wa mutane bayani. Ita tana kan keken ɗinkinta a ɗan shagon da babanta ya yanka mata a jikin gida, taga a buɗe. Ta ji yana cewa ramukan da ya rufe a rayuwarsa sun fi gashin kansa yawa, wannan ma a wurinsa ba rami ba ne, tabo ne. Yana cikin magana wata mota ta faɗa ramin, ta watsa masa ruwan taɓo tun daga hula har takalmi. Ko fuska bai goge ba, ya nuna motar da yatsa ya ce, "Kun gani? Abin da nake gaya muku ke nan."

Auta ta yi dariya har zare ya tsinke. Ya waiwayo ya ganta, ta sunkuyar da kai tana neman kafar allura.

Washegari sai ga shi da riga a yage. Ya ce ƙarfen gada ne ya kama shi a wurin aiki. Auta ta duba yagar, ta ga an yanka ta ne da reza, a miƙe sambal. Ta ɗinke masa. Tun daga nan tufafinsa ba su sake zama lafiya ba.

Injiniya ake ce masa a layin, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Auta ce kaɗai ta san gaskiya, don ta taɓa zuwa ofishin hukumar birni ta hango shi rungume da fayil har wuya, ana ƙwala masa kira, "Masinja!" yana amsawa da gudu. Ta laɓe bayan ginshiƙi har ya wuce, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ta lura da shi wani ne daban. Idan ya zauna a kan benci yana jiran ɗinki, har ya manta da cika baki, muryarsa takan sauko ta yi taushi, ya tambaye ta ko idonta ba ya ciwo da wannan aiki. Sau da yawa ya tambaye ta wata magana kuma, ko za ta aure shi, ita ce ba ta amsa ba. Amsar tana nan a bakinta, kunya ce ta danne ta.

Babanta shi ne Baba Mai Faci, rumfarsa tana gaba da ramin kaɗan, daidai inda mota take tsayawa idan tayarta ta fashe. Bai taɓa zagin ramin ba ko sau ɗaya. Idan mutane suna tsine wa hukuma, shi sai ya ce a riƙa haƙuri da shugabanni.

Wata safiya a teburin Mai Shayi, wanda yake jikin tagar Auta, Baba Mai Faci ya dubi Injiniya ya ce, "Yaro, na ga kana yawan kawo ɗinki. Ko kayanka ne ba su da ƙwari, ko kai ne?"

Aka fashe da dariya. Mai Shayi ya ce, "Baba, a bi shi a hankali, babban injiniya ne."

"Injiniyan me? Ramin nan tun yana kamar faranti yake yi masa wa'azi, ga shi yanzu ya kai tabarma."

Injiniya ya ajiye kofi, ya miƙe, ya gyara hula. "Baba, tunda ka kai maganar nan, bari in faɗa a gaban jama'a. Ina son Auta. Amma ku shaida, ba zan turo manyana ba sai ranar da titin nan ya kwanta sumul, motar amarya ta taho har ƙofar gida ko girgiza babu. In ban yi ba, kar a ba ni ita."

"Mun shaida!" in ji Baba Mai Faci da sauri, har yana ƙwarewa.

A cikin shago allura ta shige yatsan Auta. Gwaggo, ƙanwar babanta da ke zaune tana jiran a rage mata riga, ta ce, "To, 'yar nan, sai ki nemi kujera mai kyau. An ɗaura aurenki da kwalta."

Da yamma ya zo taga fuska a washe. Auta ta ce, "Wa ya aike ka?"

"Kwantar da hankalinki. Ni a cikin ofishin nake, na san inda aka ɓoye maganin." Ya rage murya. Hukumar birni, in ji shi, ofis biyu gare ta na hanya. Akwai Ofishin Ƙananan Gyare-gyare, su ke da ikon taɓa ƙaramin rami, amma ba su da ko sisi. Akwai kuma Ofishin Manyan Ayyuka, kuɗi har ba su san inda za su kai ba, amma doka ta hana su kallon ƙaramin rami. Mai raba gardama shi ne Mai Awo, wani ma'aikaci mai yawo da sanda mai jan zane a jiki. In ya zura ta a rami ta nutse har zanen, rami ya zama babban aiki.

"To sai me?"

"Ramin nan laifinsa ɗaya ne, ƙanƙanta. Kowa yana ta addu'ar ya rufe. Ni zan taimaka masa ya girma."

"A ina ka ji wannan doka?"

"A taro." Bai ce daga bayan ƙofa ba, amma Auta ta sani.

"Ka ji ta har ƙarshe?"

"Mai ilimi ba ya buƙatar jin ƙarshen magana," in ji shi, ya tafi neman diga.

Da rana tsaka ya fara, ba ɓoye-ɓoye. Hula da riga suka yi masa aiki, don duk wanda ya ga mutum da hular kwano yana sara a titi ba ya tambaya. Masu wucewa suna ɗaga masa hannu suna cewa a ƙarshe dai hukuma ta tuna da su. Mai Shayi ya aiko masa da ruwan sanyi. Abin da ya ba kowa mamaki, Baba Mai Faci da kansa ya ara masa shebur da baro, har yana nuna masa inda ya kamata a ƙara sara.

"Ta gefen nan, ɗana, inda tayar dama take bi. Yauwa. Allah ya yi albarka."

Gwaggo ta tsaya ta riƙe haɓa. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin gyaran da ake kwashe ƙasa a fitar ba. Ko yanzu haka ake yi?"

"Gwaggo, likita ma sai ya yanka kafin ya ɗinke."

"Ai kuwa na ga yankan."

A makon nan rumfar Baba Mai Faci ba ta rabu da layi ba. Har sabuwar buta ya saya.

Ran da Mai Awo ya zo, layin duka ya fito. Wani siririn mutum ne mai fuskar wanda bai yi barci ba tun da aka ɗauke shi aiki. Ya sauka daga babur, ya zura sandarsa a ramin, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya. Jan zanen ya tsaya a sama da bakin ramin da kamar faɗin yatsa.

"Bai kai ba," in ji shi.

Injiniya ya ce, "Danna ta mana, abokin aiki."

"Ba a danna ta. Kuma ni ba abokin aikinka ba ne." Ya juya sandar, ya nuna wani ɗan baƙin zane can ƙasa wanda ba wanda ya lura da shi. "Ya wuce wannan, don haka ya fi ƙarfin Ƙananan Gyare-gyare. Bai kai wancan ba, don haka Manyan Ayyuka ba su san da shi ba."

Mai Shayi ya ce, "To na wa ke nan?"

"Naku." Ya goge sandar da tsumma. "Abin tausayi. An ɗan sakar wa Ƙanana kuɗi kwanan nan, kuma layinku ne a gaba. Da jibi tifar tsakuwa za ta zo. Yanzu sai in ce ta wuce layin baya."

Duk idanu suka koma kan Injiniya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Tsakuwa! Mu da muke neman kwalta, wa ke maganar tsakuwa? Faɗin yatsa ne ya rage, jama'a. Ku ba ni zuwa gobe."

Gwaggo ta ce, "A karɓe digar nan a hannun yaron nan."

Ba wanda ya karɓe. Auta ta kira shi taga ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ka bar shi haka, don Allah. Ka je ka ba Baba haƙuri, ka ce zafin baki ne." Ya dube ta, muryarsa ta yi taushin nan da take so, ya ce, "So kike a kawo ki gidana ana jijjiga ki kamar buhu?" Ta so ta ce masa ko a baro aka kai ta ba ta damu ba, amma maganar ta maƙale.

Da safe ya shiga ramin ya tofa yawu a hannu. Sara na farko ƙasa, na biyu dutse. Na uku aka ji wani ƙara kamar an buga tukunya, sai ruwa ya yi tsiri sama ya cire masa hula ya jefa ta kan rumfar Mai Shayi. Babban bututun unguwa ne. Kafin a ce me, duk famfunan layin sun ƙafe, ruwan ya taru a wuri ɗaya. Gwaggo ta fito da kumfar sabulu har gwiwar hannu, tana tambayar wane maƙiyin Allah ne.

Injiniya, ruwa har ƙugu, ya ce, "Kar kowa ya tsorata! Da ma sai an jiƙa ƙasa kafin a zuba kwalta."

Aka sake kiran Mai Awo. Ya zura sanda, ta nutse ta wuce jan zane, ta kusa tafiya da hannunsa. Injiniya ya daka tsalle. "Ta wuce! Ku shaida ta wuce!"

"Ni busasshen rami nake aunawa," in ji Mai Awo. "Wannan na masu ruwa ne."

Masu ruwa suka zo, suka zagaya, suka ce za su ɗaure bututu amma ba su da ikon taɓa titi sai masu hanya sun ba da izini. Masu hanya suka ce ba sa ba da izini a kan abin da ba su auna ba, kuma ba za su auna ba sai ya bushe. Masu ruwa suka ce ba zai bushe ba sai an ɗaure bututu. Injiniya ne ma yake kai saƙon daga wannan ofis zuwa wancan, ya dawo da yamma ya ce wa mutanen layi ana tattaunawa a sama.

Ruwa kuwa bai jira tattaunawa ba. Ya cinye titin daga gefe zuwa gefe. Agwagin wani maƙwabci suka tare a ciki. Masu wankin babur suka kafa sana'a a baki-baki. Wani jami'in haraji ya zo yana tambayar wa ke da tafkin, don akwai kuɗin da ake biya a kan wurin wanki. Injiniya ya buɗe baki zai ce shi ne, Mai Shayi ya taka masa ƙafa.

Motoci suka daina bi ta layin gaba ɗaya. Baba Mai Faci ya wuni a rumfa yana korar ƙuda, ko tayar keke ba a kawo ba. Nan fa haƙuri da shugabanni ya ƙare.

"Ka kashe mini rami!" ya riƙa faɗa yana nuna Injiniya da ƙarfen cire taya. "Rami mai albarka, mai hankali, yana zaman-zamansa yana ciyar da iyali. Me ya yi maka?"

"Baba, ai kai ka ara mini shebur."

"Na ce ka faɗaɗa shi, na ce ka mayar da shi kogi?"

Auta tana ji daga shago. Ta daina dariya tuni. Duk safiya takan leƙa ta ga ruwan ya ƙara matsowa, ta ji kamar aurenta ne yake ƙara nisa.

Sai Injiniya ya zo da babbar dabara. Ya ji a ofis cewa Shugaban hukumar birni zai bi ta babban titi ya je buɗe wata sabuwar rumfar kasuwa. Matsalar manya, in ji shi, ba mugunta ba ce, rashin gani ne. In Shugaba ya ga ramin da idonsa, kafin la'asar an turo motocin kwalta. A bakin layin akwai allon da aka kafa mai nuna wa motoci su kauce. Shi zai ɗauke shi ya kafa a babban titi, ya juya kibiyar ta nuno layinsu. Sannan ya tsaya a bakin ruwa da jar tuta, ya tsayar da ayarin, ya yi jawabi. Har ya haddace jawabin.

Auta ta ce, "Ayarin Shugaba yana tsayawa?"

"Wa zai ga wannan hula ya ƙi tsayawa?"

Ranar, ya goge hula har tana ɗaukar ido. Aka jiyo jiniya daga nesa, tana matsowa, sai ga ta ta karyo kwana ta shigo layin a guje. Injiniya ya ɗaga tuta ya buɗe baki, "Ranka ya daɗe, a madadin..." Motar jiniya ta ga ruwa ta kauce, ta kwashe teburin Mai Shayi da kofunansa. Baƙar motar Shugaba da ke binta ba ta samu wurin kaucewa ba. Ta shiga ruwan tinjim har ƙofofi. Igiyar ruwan da ta taso ta ɗauki Injiniya da tutarsa ta kifar da shi a tsakiyar tafkin, agwagi suka watse suna kuka.

Aka fito da Shugaba ta taga, aka ɗora shi a kan rufin mota, babbar rigarsa tana ɗiga. Masu ɗaukar hoto da suka biyo ayarin suka yi caa a kansa. Layin ya cika maƙil. Shugaba ya dubi ruwa, ya dubi jama'a, ya dubi masu hoto, ya ce, "Aikin wane ne wannan?"

Kowa ya yi shiru, har Baba Mai Faci. Da Injiniya ya yi shiru shi ma, da an wuce wurin. Amma kalmar aiki ya ji. Ya miƙe daga cikin taɓo ya ƙame ya sara wa Shugaba. "Nawa ne, ranka ya daɗe! Ni kaɗai, da hannuna, ba tare da hukuma ta kashe ko kwabo ba!"

Wani na kusa da Shugaba ya ƙura masa ido. "Kai, ba masinjan hawa na biyu ba ne wannan? Wanda muke ta nema tun safe ya kai fayil?"

Maganar ta bi layin kamar wuta. Masinja. Mai Shayi ya zauna a ƙasa cikin fasassun kofuna yana dariya har da hawaye. Nan take aka sa wani ɗan sanda ya shiga ruwa ya cire masa hula da riga, aka ce kayan hukuma ne, kuma kar ya sake taka ofis.

Shi kuwa Shugaba, wani ya raɗa masa magana a kunne, sai fuskarsa ta sake. Almakashi da jan ƙyallen buɗe rumfar kasuwa suna cikin motar baya, ba su jiƙe ba. Aka ɗaure ƙyallen daga sandar fitila zuwa rumfar Baba Mai Faci. Daga kan rufin motar Shugaba ya yi jawabi, ya ce gwamnatinsa ta daɗe tana nazarin matsalar ambaliya, kuma yau yana farin cikin buɗe tafkin tara ruwa na farko a birnin, wanda aka kammala kafin lokaci. Ya yanka ƙyalle, 'yan rakiya suka tafa.

Gwaggo ta ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, titin fa?"

Mai Awo, wanda ya iso a kan babur ɗinsa, shi ya amsa. "Wane titi? Daga yau nan ba titi ba ne. An cire shi daga hannun masu hanya, manya da ƙanana."

Aka ɗauki Shugaba a kafaɗa aka kai shi wata mota, ayari ya ja da baya ya fita. Baƙar motar aka bari sai an gano ofishin da ke da ikon ciro ta.

Injiniya ya rarrafo bakin ruwa ya zauna, daga shi sai singileti, kai ba hula. Auta ba ta taɓa ganin kansa ba sai ranar. Ƙarami ne, da kunnuwa a baje. Kuma a karon farko tun da ta san shi, bakinsa a rufe yake.

Baba Mai Faci ya tsaya a kansa. "To, masinja. Jama'a sun shaida. Ka ce sai titi ya kwanta sumul. Ga shi babu titin ma."

"Haka ne, Baba," in ji shi a hankali. "Na faɗa."

Auta ta ture keken ɗinki ta miƙe. Ta fito ta ratsa mutane har bakin ruwan. Gwaggo ta ce, "Ke, ina za ki?" Ba ta waiwaya ba.

Ya ɗago ya ganta, ya yi saurin kawar da kai. "Kin ji abin da suka kira ni."

"Na sani tun tuni."

Ya zaro ido. Sai wani ɗan haske ya fara dawowa fuskarsa. "Auta, in aka samu katako masu kauri, ni na san yadda ake gada. Daga nan zuwa..."

"Rufe mini baki," in ji ta, kuma duk layin ya ji. Ta juya wajen babanta. "Baba, shi ya yi alkawari, ni ba a tambaye ni ba. Ni ce amaryar, kuma ban ce ina son mota ba."

Baba Mai Faci ya dubi 'yarsa, ya dubi jama'a, ya dubi rumfarsa da ba kowa. Ya ja tsaki ya ce, "In kin ji kin gani. Amma ya dawo mini da shebur ɗina."

Auta ta koma kan wanda ke zaune cikin taɓo. Kunyar tana nan, ta ji ta har kunnuwa, amma wannan karon maganar ba ta maƙale ba.

"Ka daɗe kana tambayata, to ga amsa a gaban kowa. Ka turo manyanka. Zan aure ka, da aiki ko ba aiki, kuma da ƙafata zan zagayo ta layin baya in zo gidanka. Amma na yi alkawari, duk ranar da na ƙara ganin diga a hannunka, ni da kaina zan kira ɗan sanda."